Bidiyon Albasar Maruda

A shekarun da na kwashe ina koyarwa abubuwa da yawa sun faru sun wuce, wasu ko an tuna mini sai na yi dogon tunani kafin su dawo. Amma akwai wata bazara guda da na tabbata ba za ta fita daga raina ba muddin ina numfashi. Ita ce bazarar da muryata ta ɗauke, ana saura 'yan watanni ɗalibaina su zauna jarrabawar fita.

Malamin kimiyyar noma ne ni a wata sakandaren jeka-ka-dawo a Gwandu. A lokacin na haura shekara goma sha biyar ina wannan aiki, kuma gaskiya ina ji da kaina. Muryata kaɗai ta ishe ni. In ina darasi a ajin ƙarshe, malaman da ke ɗakin hutu suna jin kowace kalma, har tsiya suke yi mini wai su ma sun haddace sunayen takin zamani. Ina da wani tsohon littafin rubutu mai jan bango, a ciki na tara duk bayanan da nake cika allo da su. Yara su kwafa, su haddace, su mayar mini da shi yadda na ba su. Wanda ya sauya kalma ɗaya, ni a wurina bai iya ba.

A farkon wannan shekarar karatu aka kawo mana wata malama mai koyar da kwamfuta. Kirista ce daga ƙasar Zuru, yarinya ce a kaina nesa ba kusa ba, ga fara'a, ga Hausa a bakinta kamar a Gwandu aka haife ta. Ba ta daɗe ba na fara ganin wani abu da bai yi mini ba. Sai ta fito da yara ƙarƙashin bishiyar dogonyaro, ta ba su wayarta, suna ɗaukar junansu suna dariya. Da na tambaya aka ce wai bidiyo suke haɗawa na darasi, da wata manhaja da ake yanka hoto da ita, a sa murya, a sa rubutu a ƙasa.

Ban tsaya na tambaye ta ba. Ofishin shugaban makaranta na wuce kai tsaye.

"Ranka ya daɗe," na ce, "mun hana yara zuwa da waya, yanzu kuma malama ce da kanta ke miƙa musu. Makaranta muke ko gidan wasan kwaikwayo?"

Shugaban dattijo ne mai sanyin hali. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To Malam, na ji. Zan duba." Bai hana ta ba, amma ya ce ta daina fito da su waje lokacin da sauran azuzuwa ke darasi. Na fito ina jin na yi wa ilimi hidima. Yau in na tuna wannan tafiya tawa zuwa ofis, kunya ce ke kama ni.

Muryar ta fara ne da dishewa. Na sha zuma da citta, na sha maganin mura, ba ta sake ba. Wata rana ina tsakiyar bayani a kan cututtukan shuka, na buɗe baki, iska kawai ta fito. Na sake gwadawa, haka. Yara suna ta kallona. A Birnin Kebbi likita ya duba ya ce wani ɗan tsiro ne ya fito mini a maƙogwaro saboda yawan ɗaga murya, sai an yi ƙaramin aiki an cire shi. Bayan aikin kuma ba magana sam na wani lokaci, ba shiga aji na kusan wata biyu. Ya ce in na yi gardama, ina iya rasa muryar gaba ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba aikin ba ne. Ni kaɗai ne malamin noma a makarantar, kuma akwai darussa da dama da ban taɓa ba tare da 'yan ajin ƙarshe. Yawancin yaran nan 'ya'yan manoma ne daga Kambaza da Malisa da Maruda, wasu a ƙafa suke zuwa, wasu a keke. Noma ne darasin da iyayensu ke sa ran ko an faɗi komai shi za a ci. Na kai wa shugaba jan littafina, na rubuta masa a takarda cewa a sami mai kwafa musu a allo. Ya karɓa, amma ni da shi mun san ba mai lokacin yin haka.

Ina fitowa na tarar da malamar nan tsaye a baranda, ashe ni take jira.

"Malam, sannu da jiki. Na ji abin da likita ya ce. Ina da wata shawara, in ba za ka ƙi ba."

Na gyaɗa kai. Ta ce a raba yaran ƙungiya-ƙungiya, kowace a ba ta darasi ɗaya daga cikin waɗanda suka rage. Su karanta a littafina, su je inda ake yin abin a zahiri su ɗauka, su haɗa bidiyon da bai wuce minti uku ba. Ita za ta koya musu haɗawa, ta turo mini a waya, ni kuma in duba in gyara kafin a nuna wa sauran aji.

"Ni ban san noma ba," ta ce, "ko gero da dawa sai sun fid da kai nake bambance su. Kai ne malaminsu. Ni hannu kawai zan ara maka."

Na ciro biro na rubuta a bayan takardar asibiti cewa ni ne na kai ƙararta wurin shugaba. Na miƙa mata ina kallon ƙasa. Ta karanta ta yi dariya har da riƙe baki.

"Haba Malam! Ai tun ranar na sani. Muryarka fa har ɗakin kwamfuta ake jin ta. Wannan ya wuce. Ka yarda ko ba ka yarda ba?"

Na yarda, ba don na gamsu ba, sai don ba ni da wata mafita.

Bayan aikin na koma Kalgo gidanmu, wurin mahaifiyata, saboda ya fi kusa da asibiti kuma akwai komawa ganin likita. Na bar iyali a Gwandu. Zaman nan ya ba ni wuya. Inna ba ta karatun boko, ni kuma ba baki, sai muka koma magana da hannu kamar kurame. In na nuna ina son ruwa ta kawo kunu, in na girgiza kai ta ce, "Sha dai, shi ya fi maka." Mutumin da ya saba cika aji da murya, ga shi zaune a zaure yana ƙirga kajin gida.

Bidiyo na farko ya iso wata ranar Laraba bayan la'asar. Kan takin gargajiya ne. Na kalla na dafe kai. Hoton yana rawa, an yanke kan mai magana, akuya na kuka a baya, an sa wani kiɗa da ya danne komai. Mai bayanin kuma littafina ya riƙe yana karantawa da gudu don ya gama cikin minti uku, har numfashinsa na sarƙewa. Na rubuta wa Malama saƙo cewa ga abin da nake gudu. Ta amsa da cewa in ƙara haƙuri, ta riga ta mayar da su. Ta ce musu ba a yarda kowa ya riƙe takarda ba, kuma wanda ya faɗi kalmar da ba zai iya fassara wa ƙanensa ba, a cire ta.

Bayan kwana huɗu suka sake turowa. Wannan karon suna tsaye ne a bakin ramin taki a bayan gidan ɗayansu a Kambaza. Ɗaya ya tura hannu cikin tarin ya ce, "Kun ga, da ɗumi. Wannan ɗumin shi ne alamar ƙananan halittu na aiki. In ya yi sanyi ya yi baƙi, ya nuna." Sai rubutun Turanci ya fito a ƙasa da kalmar da za su gani a jarrabawa. Yaron nan na san shi sarai. Shekara uku yana zaune a bayan aji, ban taɓa jin ya haɗa jimla biyu ba. Sun yi kuskure wuri ɗaya, sun juya sunayen sinadarai biyu. Na rubuta gyaran, Malama ta ce ba sai sun koma Kambaza ba, muryar wurin kawai za su sake ɗauka su ɗora. Ban san ana iya haka ba.

Daga nan la'asar ta zame mini lokacin da nake jira. Inna ma ta shiga ciki. Da ta ji wayar ta yi ƙara sai ta jawo kujerarta ta ce, "Yaranka sun aiko?" Muka kalli na kiwon kaji, muka kalli na ban ruwa a fadama. Da aka zo na kiwon kifi ta ɓata rai, ta ce ita ba ta yarda da kifin da aka haifa a rami ba alhali ga gulbi. Na so in yi dariya, likita kuma ya hana, sai hawaye suka zubo mini.

Na albasa ne ya zo kusan ƙarshe. Darasin shi ne adana amfanin gona bayan girbi, kuma da na ga sunayen 'yan ƙungiyar sai gabana ya ɗan faɗi. Shugabarsu wata yarinya ce daga Maruda, kuma akwai abin da ya taɓa shiga tsakanina da ita.

Tun suna aji biyar na yi musu gwaji, na tambayi hanyoyin adana albasa. Ita sai ta rubuta mini dogon bayani cikin Turancinta mai rauni, wai a daina ban ruwa kafin a cire, a bar ta ta sha iska, a jera ta a rudu, gadon ajiyar albasa. Babu ko kalma ɗaya daga cikin waɗanda na rubuta a allo. Na ba ta sifiri. Ban tsaya nan ba, na karanta amsar a gaban aji na ce, "Nan aji ne, ba gonar babanki ba." Aka fashe da dariya. Da ma yarinya ce mai yawan ɗaga hannu. Daga ranar ban sake ganin hannunta a sama ba, ni kuma ban damu ba, na ɗauka ta koyi darasi.

Na danna bidiyon. Wani dattijo ne ya bayyana, siriri, da hular kaba, yana tsaye a gefen rudu, wato wani gado na itace da kara da aka ɗaga daga ƙasa aka yi masa rufin ciyawa. Muryar yarinyar ta fito daga bayan waya.

"Baba, don me ba ka zuba ta a ƙasa?"

Ya dubi wayar kamar yana jin kunyarta, sannan ya ce, "Ƙasa tana da raɓa, ɗiyata. Albasa kuwa ba ta son jiƙa. Ki duba nan ƙarƙashi, iska na shiga ta wanga gefe ta fita ta wancan. In iska ta tsaya, ta ruɓe."

Yana rufe baki sai rubutu ya fito a ƙasa, kalmar da ke cikin jan littafina, harafi da harafi. Ya ɗauko albasa guda ya matsa wuyanta ya ce sai nan ya bushe ƙayau kafin a ajiye, in da sauran ɗanye cuta ta nan take shiga. Wata kalmar tawa ta sake fitowa. Ya nuna rufin ya ce rana in ta yi yawa tana dafa ta. Ya nuna wasu da ya ware gefe masu rauni, ya ce ɗaya tana iya ɓata rudu gaba ɗaya, shi ya sa duk bayan 'yan kwanaki yake bi yana tsincewa. Kusan duk abin da ya faɗa, yarinyar ta nemo sunansa a littafina ta liƙa a ƙasa. Abubuwa biyar na rubuta a littafin nan, dattijon ya kawo su duka, ya ƙara da biyu da ban sani ba.

Inna ta ce, "Wanga mutum ya san albasa. Shi ma malami ne a makarantarku?"

 Na sake kallo, na sake, har sau huɗu. Abin da dattijon nan ya faɗa shi ne abin da 'yarsa ta rubuta mini a waccan takarda. Amsarta daidai take tun farko. Ni ne ban gane ta ba, don ta zo mini da kayan gida. Ni da nake ɗan manomi, wanda da kuɗin shinkafar fadama aka yi mini karatu, na tsaya gaban yara na mayar da gonar uban wata abin dariya. Inna ta ga yanayina ya sauya ta ce, "Maƙogwaron ne?" Na girgiza kai na nuna ƙirjina. Ta tashi ta ba ni wuri.

Da likita ya yarda in koma Gwandu, ya ce in ci gaba da kiyaye magana, 'yan kalmomi kawai a hankali. Ranar da na shiga makaranta na tarar Malama ta shirya nuna bidiyoyin duka a babban aji, an aro talabijin daga ofis, an tayar da janareta. Yara suka miƙe da ihu suna yi mini sannu. Na zauna a baya, wurin da ban taɓa zama ba, na kalli ajina yana tafiya ba ni. Bayan kowane bidiyo 'yan ƙungiyar su fito gaba a yi musu tambayoyi. Gardama ta kaure kan ko takin kaji ya fi na shanu ƙarfi, kowa na kawo hujja, wani daga littafi wani daga gonar gidansu. Ban taɓa jin irin wannan hayaniya a darasina ba, kuma ban so ta ƙare ba.

Da aka gama na albasa aka yi tafi. Na tashi na nufi allo. Na ɗauki alli na rubuta da manyan haruffa cewa a bara na ba wannan ɗaliba sifiri a kan wannan tambaya, kuma na yi wa gonar mahaifinta ba'a. Na rubuta cewa amsarta daidai ce, ni ne na yi kuskure. Sannan na juya na dube ta, na tattara ɗan abin da ke maƙogwarona na ce, "Ki yafe mini."

Muryar ta fito siririya kamar ba tawa ba, amma kowa ya ji. Yarinyar ta ja hijabinta ta rufe fuska. Can ta ce, "Malam, ba komai. Wallahi na yafe." Ta ƙara da cewa, "Da farko ma ƙin yin bidiyon na yi. Na ce wa Malama za ka sake yin dariya. Ita ta ce in yi, in ka yi dariya ita za ta amsa." Na waiwaya, Malama tana can jikin taga tana ta faman gyara wayar janareta da ba abin da ya same ta.

Da muryata ta ƙara ƙwari na hau babur na tafi Maruda wata ranar Asabar da hantsi. Na sami dattijon a gindin rudunsa yana tsince albasa. Na gaishe shi na faɗa masa ko ni wane ne, ya rasa inda zai sa ni, ya shimfiɗa mini buhu, ya aika a kawo fura.

"Baba, godiya na zo yi. Ka koyar da ajina lokacin da na kasa."

Ya yi dariya ya ce, "Ni? Malam, ko sunana ban iya rubutawa. Yarinya ta ce in yi magana, na yi. Ashe abin da muke yi yana cikin littafi?"

"Yana ciki, Baba. Daga wurinku aka ɗauko shi."

Ya daɗe yana juya albasa a hannunsa. Sannan ya ce tun ranar da aka ɗauki hoton nan 'yarsa take bin shi gona da tambayoyi, da kuwa ko ya kira ta sai ta ce tana da karatu. Ya ce wannan kaɗai ya ishe shi. Da zan tafi ya cika mini leda da albasa, na ƙi, ya ɗaure ta a bayan babur da hannunsa.

Yaran sun zauna jarrabawa, kuma da sakamako ya fito noma ya yi kyau fiye da yadda na saba gani a shekarun da muryata ke da ƙarfi. Sun gaya mini har ranar jarrabawar suna tura wa juna bidiyoyin a wayoyin iyayensu da yayyensu. Yarinyar ta ci da kyau, yanzu haka noma take karantawa a gaba da sakandare. Malama kuwa shekara biyu ta ƙara da mu aka mayar da ita kusa da gida. Kafin ta tafi sai da ta zaunar da ni ta koya mini yankan bidiyo da ɗora murya, tana haƙuri da yatsuna masu nauyi, ina danna inda ba a ce ba tana cewa, "Sake, Malam, ba abin da ya lalace." Har yau duk sallah sai ta kira ta gaishe ni, ni ma in lokacin bikinsu ya zo ina kira.

Na gode wa Allah da ya dawo mini da muryata, amma na fi gode masa da ya karɓe ta na ɗan lokaci. Da ban yi shiru ba, da har na yi ritaya ban san cewa yaran da ke zaune gabana suna zuwa da ilimi daga gida ba, kuma ba sa riƙe abu da kyau sai ranar da aka ce su bayyana shi da bakinsu. Waya da manhaja ba su koyar da kowa komai ba, dama kawai suka ba yaran su yi magana, ni kuma suka tilasta mini saurare. Na kuma koyi cewa taimako yana iya zuwa daga hannun wanda ka zalunta, kuma in ya zo, ka karɓa ka yi godiya. Yanzu duk darasin da zan fara, kafin in rubuta komai sai na tambayi aji, "Wa ke da wanda ya san wannan a gidansu?" Kullum sai an sami mai ɗaga hannu, ni kuma in ja kujera in zauna.